Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, Mai Risala

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, da wuya a sami zauren malami a ƙasar Hausa wanda ba a karanta Risala a cikinsa. Ɗalibi yakan fara da Ƙawa'idi, ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, sa'an nan ya ɗauki Risala, sau da yawa gemu ya riga ya fito masa. Amma kaɗan ne suka san cewa mai littafin nan don yara ƙanana ya wallafa shi, a wani zamani da iyaye suke cikin fargabar abin da zai shiga zukatan 'ya'yansu.

Sunansa Abdullahi ɗan Abdurrahman, ana yi masa alkunya da Abu Muhammad. An haife shi a birnin Ƙairawan, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, a shekara ta 310 bayan Hijira, wato 922 Miladiyya. Ukuba ɗan Nafi'u ne ya kafa birnin nan a shekara ta 50 bayan Hijira, ya zama cibiyar mazhabar Imamu Malik a Afirka ta Arewa. A nan ne Imamu Sahnun ya tattara Mudawwana.

Shekara goma sha uku kafin haihuwarsa, daular Faɗimiyyawa ta karɓe mulkin ƙasar daga hannun Banu Aglab. Sababbin sarakunan suna bin tafarkin Isma'iliyya, wanda ya saɓa wa abin da mutanen Ƙairawan suka gada. Suka sake lafazin kiran salla, suka hana sallar asham cikin jam'i, suka hana ba da fatawa bisa mazhabar Malik, suka kuma baza masu wa'azinsu cikin gari. Uba yakan bar gida da safe bai san abin da ɗansa zai jiyo a waje ba kafin magariba.

Cikin wannan hali Abdullahi ya tashi. Babban malaminsa shi ne Abubakar Ibnul Labbad, wanda hukuma ta ɗaure, daga baya ta sake shi bisa sharaɗin kada ya tara ɗalibai. Masu tarihi sun ambata cewa Abdullahi da abokinsa Ibnu Tabban sukan je wurinsa a ɓoye, su ɗaure littattafai a gindinsu ƙarƙashin riga, har gumi ya jiƙa takardun. Da irin wannan wahala ya sami ilmi, shi ya sa ya san darajarsa. An ce yana ɗan shekara 17 ya fara tsara Risala, a shekara ta 327.

A shekara ta 333 malaman Ƙairawan suka fita yaƙi da Faɗimiyyawa tare da wani mai tawaye, Abu Yazid. Aka kashe da yawa daga cikinsu, har da malaminsa Abul Fadli Almammasi. A wannan shekara kuma Ibnul Labbad ya rasu. Sai ga saurayi ɗan shekara 23 an bar shi da nauyin da dattawa suke ɗauke da shi. Ya ga abin da takobi ya haifar, ya duƙufa ga karantarwa da wallafa, har aka riƙa yi masa laƙabi da Malik Ƙarami. Daga cikin ayyukansa akwai Muhtasarin Mudawwana, da Annawadiru Wazziyadat, wanda aka buga a zamanin nan cikin mujalladi 15.

Amma ƙaramin littafin shi ya fi zagaya duniya. Mafi yawan masu sharhi sun ce wanda ya roƙe shi wannan aiki shi ne Muhrizu ɗan Halaf, wani bawan Allah mai koyar da yara a birnin Tunis, wanda ya rasu a shekara ta 413. Yana son taƙaitaccen littafi ne da zai riƙa biya wa yara kamar yadda yake koya musu baƙaƙen Alƙur'ani.

A gabatarwar littafin Shehun ya bayyana dalilinsa. Ya nuna cewa zuciyar da aka fi sa ran alheri gare ta ita ce wadda sharri bai riga ya isa gare ta ba, ya kuma kwatanta koyarwa a ƙuruciya da zane a kan dutse. Ya tunatar da umurnin da ya zo na a hori yara da salla tun suna da shekara 7, a tsananta a kai idan sun kai 10, a kuma raba musu shimfiɗa. Manufarsa ita ce kada balaga ta riski yaro sai zuciyarsa ta natsu da addini, gaɓoɓinsa kuma sun saba da aiki da shi. Wato dai tarbiyya a wurinsa tsere ce, wanda ya riga isa shi ke da gida. Hausawa ma sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tsarin littafin ya bi wannan manufa. Ya fara da tauhidi cikin 'yan shafuka masu sauƙin haddacewa, domin a nan ne ake kai wa yara hari a zamaninsa. Sa'an nan tsarki da salla da azumi da zakka da hajji, da aure da ciniki da gado. A ƙarshe ya sauko ga zaman yau da kullum: runtse ido ga barin haram, tsare harshe daga ƙarya da giba da annamimanci, kau da kunne daga batun banza, ladabin cin abinci, sallama da neman izini kafin shiga gidan mutane, har da atishawa da hamma. Bai manta da wasa ba. Ya hana wasan nardi da na shaɗaranji, amma ya halatta tseren dawaki da na raƙuma da harbin kibiya. Ya rufe wata ƙofa, ya buɗe wata.

Abin da ya rubuta shi ya aikata a gidansa. Allah ya hore masa dukiya, ya riƙa ciyar da ɗalibai da baƙi da ita. An ruwaito cewa sa'ad da ɗansa ya haddace Fatiha, sai ya aika wa malamin yaron da dinari 100. Malamin ya ga kyautar ta yi yawa, yana ganin bai yi aikin da ya kai haka ba. Shehun kuwa sai ya ɗauke ɗansa daga hannunsa, domin a ganinsa wanda ya ga dinari 100 sun fi ƙarfin Fatiha bai san girman abin da yake koyarwa ba, ba zai kuwa dasa girmansa a zuciyar yaro ba.

Faɗimiyyawa sun tashi zuwa Masar a shekara ta 362, Shehun yana raye. Ya rasu a shekara ta 386, wato 996 Miladiyya, yana da shekara 76, aka binne shi a gidansa a Ƙairawan. Daular da ta hana malaminsa karantarwa ta shuɗe tuntuni, littafin yaran nan kuwa ya haura shekara dubu ana biya shi, malamai irin su Alƙali Abdulwahhab na Bagadaza da Annafrawi na Masar sun yi masa sharhi.

A zamanin Shehun, mai son juya tunanin yaro sai ya tare shi a kasuwa ko a bakin masallaci. Yau kuwa wayar hannu ta shigo da baƙi har ƙuryar ɗaki ba sallama, suna hira da yaro iyayensa na barci. Faɗa da ƙwace waya kaɗai ba za su wadatar ba, gama abin da aka hana a gida ana samunsa a hannun aboki. Maganin da Shehun ya nuna shi ne riga isa. Yaron da aka koya wa hukuncin ido da kunne da harshe tun kafin a miƙa masa waya, zai gane cewa abin da ya haramta a faɗa da baki bai halatta a rubuta da yatsa ba, kuma baza labarin da ba a tabbatar ba annamimanci ne ko da bai motsa leɓe ba. A sama masa wasa na halal, a zauna da shi, uba kuma ya fara ajiye tasa wayar idan an kira salla. Mutumin da yake kashe dubbai wajen sayen waya da katinta, amma kuɗin Laraba na malamin allo suna yi masa nauyi, ya tuna da dinari 100 na Ibnu Abi Zaidin.

Allah ya jiƙansa da rahama, ya saka masa da alheri, ya shiryi zuriyar Musulmi baki ɗaya, amin.