Ibnul Haisam, Malamin Da Ya Gwada Hasken Wata

Sunansa Abu Ali Alhasan ɗan Alhasan ɗan Haisam, Turawa kuwa Alhazen su ke kiransa. An haife shi a Basra, cikin ƙasar Iraƙi, wajen shekarar 965, watau 354 ta Hijira. Can ya yi karatu, ya ƙware ga lissafi da ilmin taurari, har sunansa ya kai Masar.

A zamanin nan Alhakim ke sarautar Masar. Masu tarihi sun ruwaito cewa labari ya iske sarki, wai akwai wani malami a Basra wanda ya ce zai iya dabarar tsare ruwan Nilu, a riƙa amfani da shi ko ya kawo ko ya janye. Sarki ya aika aka zo da shi, ya haɗa shi da ma'aikata, suka bi kogi kudu har wajen Aswan. Da ya duba faɗin ruwan, ya auna wurin, sai ya gane aikin ya fi ƙarfin kayan zamaninsa, ya komo ya gaya wa sarki gaskiya. Sai a 1902 aka gama madatsar farko a wurin nan. Alhakim kuwa mai saurin kisa ne, sabo da haka malamin ya yi haukan ƙarya don ya tsira da ransa, aka tsare shi a gida har 1021, sa'ad da sarautar Alhakim ta ƙare. Daga nan ya zauna kusa da masallacin Azhar a Alƙahira, yana juyar littattafan lissafi yana sayarwa, da haka ya ke cin abinci, har ya rasu wajen 1040.

Babban littafinsa shi ne Kitabul Manazir, mai kashi bakwai, a kan haske da gani. Malamai da yawa na dā sun ɗauka wani haske ke fita daga ido ya taɓa abin da a ke kallo. Shi kuwa ya nuna haske daga abin ya ke tasowa ya shiga ido. An juya littafin cikin Latin, aka buga shi a Bazel a 1572, malaman Turai suka daɗe suna ɗiba daga cikinsa. Yau akwai wani rami a fuskar wata wanda aka sa wa sunansa.

Amma abin da ya sa mu, masu koyon aikin malanta, ya kamata mu san shi, shi ne hanyarsa. Ba ya yarda da magana don girman mai faɗinta kaɗai, sai ya gwada ya gani. Kayan gwajinsa kuwa ba su fi ƙarfin makarantar ƙauye ba. Ya jera fitilu a gaban wata 'yar kafa mai shiga wuri mai duhu, kowace fitila ta jefa haskenta dabam a bango. Ya tare ɗaya, haskenta kaɗai ya ɓace, ya janye abin tarewa, ya komo. Da haka ya tabbatar haske miƙe ya ke tafiya.

Ya kuma rubuta wani ɗan littafi a kan hasken wata. Tun kafinsa an san wata daga rana ya ke samun haske, amma ana tsammani kamar madubi ya ke mayar da shi. Ibnul Haisam ya yi wani ma'auni mai siririyar kafa, ya riƙa duban wata sashe sashe, ya iske duk inda rana ta haska a jikinsa yana watsa haske ta kowane gefe, abin da madubi ba ya yi.

To, wannan ba mu iya nuna wa yara shi? Mu mulmula laka, mu shafa mata farar ƙasa, mu soke ta da tsinke. Mu rufe tagogin aji, mu kunna fitila guda. In mun ɗaga madubi, yaro ɗaya ko biyu za su ga walƙiya, sauran ba su ga kome ba. In mun ɗaga dunƙulen, duk wanda ke fuskantar gefen da aka haska zai gan shi fari daga mazauninsa.

Sa'an nan mu kira yaro guda ya riƙe dunƙulen, ya miƙa hannu. Fitila ita ce rana, kansa shi ne duniya. In ya fuskanci fitila, gefen da ke wajensa baƙi ne, watau wata ya ɓuya. Ya juya hagu a hankali, sai ga jinjirin wata, sai rabi, har ya ba fitila baya ya ga na daren sha huɗu, muddin ya ɗaga hannu sama da kansa kaɗan. In ya sauke, inuwar kansa ta rufe dunƙulen, ga husufi ke nan, wanda yara kan fita suna kaɗa gwangwani dominsa. A nan za mu gaya musu hanyar wata a karkace ta ke kaɗan, shi ya sa ba kowane wata a ke husufi ba. Bayan wannan kowa ya riƙa zana kamannin wata kullum, har ya ƙidaya da kansa ya ga kewayen kwana 29 ne da rabi, dalilin da ya sa watanninmu kan yi 29 ko 30.

Har wa yau ya yi bayani cewa girman da wata kan yi sa'ad da ya ke fitowa ruɗin gani ne. Yaro ya riƙe ƙwayar gyaɗa, ya miƙa hannu, ya rufe ido ɗaya, ya gwada ta da wata a bakin gabas, ya sāke gwadawa in ya yi tsaka, zai iske bai ragu ba.

'Yan'uwa, gobe kaɗan za a rarraba mu makarantu. Yaron da aka sa ya haddace cewa wata ba shi da hasken kansa ya kan manta bayan jarrabawa, ko kuwa ya faɗa a aji ya ƙaryata a gida. Wanda ya juya da dunƙulen laka a hannunsa kuwa zai koma ya nuna wa ƙannensa. Allah ya jiƙan Ibnul Haisam, ya ba mu ikon bin hanyarsa, amin.