Godfrey Hounsfield: Ɗan manomin da ya ƙirƙiro na'urar hoton CT

Duk mai koyon aikin ɗaukar hoton CT sai ya san sunan Hounsfield kafin ya ci jarrabawa, domin da ma'auninsa ake karanta hoton: ruwa sifili, iska kuwa 1000 ƙasa da sifili.

An haifi Godfrey Hounsfield a 1919 a yankin Nottinghamshire na Ingila, shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Bai yi fice a makaranta ba, digirin jami'a ma bai yi ba. A rundunar sojin saman Birtaniya ya ƙware a harkar lantarki lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya kama aiki a kamfanin EMI.

A can ya yi tunanin haska jiki ta kusurwoyi da dama, sannan kwamfuta ta haɗa bayanan su zama hoto. Gwajinsa na farko sai da ya ci kwana tara. Ranar 1 ga Oktoban 1971 aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wata mata a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, likitoci suka ga ƙullutun ƙarara tun kafin a yi mata tiyata.

Shi da Allan Cormack suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1979. Ya mutu a 2004, bai taɓa aure ba.