Gilbert White, Pasto Mai Duban Tsuntsaye

A shekara ta 1720 aka haifi Gilbert White a Selborne, wani ƙaramin ƙauye a kudancin Ingila. Ya yi karatu a jami'ar Oksfod, aka naɗa shi ga hidimar ekklesiya a 1749. Bai taɓa zama babban pasto na ƙauyensu ba, mataimaki ne kurum, bai kuwa yi aure ba. Amma a wannan ƙauye ya zauna yawancin kwanakinsa, yana yi wa jarirai baftisma, yana ɗaura aure, yana binne matattu.

Bayan gidansa akwai lambu. Tun 1751 ya soma rubuta abin da ya shuka da abin da ya gani a ciki, kwana bi da bi. Masanan zamaninsa su kan harbe tsuntsu su duba gawarsa, shi kuwa ya fi so ya zauna shiru ya dubi mai rai. Da kunne ya gane cewa waɗansu ƙananan tsuntsaye masu kama da juna iri 3 ne, gama kukansu dabam dabam ne. Ya nuna kuma tana, wadda manoma suke renawa, ita ce mai gyara ƙasa. Har kunkurun da ya gada wurin gwaggonsa a 1780, ya kan auna nauyinsa ya rubuta.

Abu guda ya dame shi ƙwarai: ina tsattsewa take zuwa da hunturu? Ƙanensa John, wanda ya yi hidima a Jibralta, ya aiko masa da labari cewa su kan ƙetare zuwa Afirka. Duk da haka ya yi zaton waɗansu su kan ɓuya su yi barci, ya yi ta nema, bai samu ba. A nan ya yi kuskure, amma bai ce ya ga abin da bai gani ba. Yau mun sani tsattsewar Turai ta kan sauko har ƙasarmu da rani.

Littafinsa a kan halittun Selborne ya fito a 1789, har wa yau ana buga shi. Ya rasu a 1793. A bisa dutsen kabarinsa ba a sa kome ba sai haruffa biyu na sunansa da ranar mutuwarsa.

'Yan'uwa, Ubangijinmu ya umurce mu mu dubi tsuntsaye (Matta 6:26). Mu da aka sa a ƙananan ƙauyuka, kada mu rena wurinmu. Mu ajiye kaskon ruwa a inuwa da bazara, mu koya wa 'ya'yanmu duba kafin su ja danƙo.