Alhaji Alhassan Ɗantata: Fatake Mai Haɗa Kan Jama'a

'Yan'uwa, a wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar wani maƙwabcinmu na da, marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar fataken Agalawa. Mahaifinsa, Abdullahi, ya rasu tun yana yaro, sai wata baiwa mai suna Tata ta rene shi. Daga nan ne ya sami laƙabin Ɗantata.

Yana saurayi Yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano a 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, kan gadon sarauta. Aka ƙone garuruwa, hanyoyin fatauci suka mutu. Shi kansa Alhassan an kama shi tare da 'yan'uwansa biyu, sai da fansa suka kuɓuta. Ya ga abin da gaba take yi wa talaka tun kafin ya mallaki komai.

Da ƙura ta lafa, sai ya shiga fataucin goro, yana bi ta Kumasi da Ankara da Ikko. Wannan sana'a ba ta yiwuwa sai da amana tsakanin Bahaushe da Ba'asante da Bayarabe, Musulmi da Kirista. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, a 1918 kuma ya zama mai saya wa Kamfanin Neja. Yakan ba wakilansa jari bisa amana, su shiga ƙauyuka su sayo. Ta haka abincin dubban gidaje ya rataya a kan hanya ta zauna lafiya. A 1929 ya kai kuɗin azurfa, kayan raƙuma 20, ajiya a bankin da aka buɗe a Kano. Kafin rasuwarsa a watan Agusta na 1955, ya yi wa 'ya'yansa wasiyya su zauna tare, kada dukiya ta raba su.

Ƙarfin attajiri wajen kashe wutar rikici yana nan ne: yana da abokan hulɗa a kowane ɓangare, kowa kuma yana jin maganarsa, domin kowa na da abin da zai rasa in kasuwa ta tashi.

A yau ruwan madatsar Tiga yana shayar da gonakin shinkafa da tumatir a Kura da Bunkure, manomi da makiyayi kuma suna buƙatar ruwan nan da hanyar nan. Dillalan hatsi da na dabbobi, da masu injin casa daga nan har Kumbotso, sun san ɓangarorin biyu da suna. In saɓani ya taso, su ya kamata su fara tashi, su tara dattawa, su hana bashi ga mai hura wuta, su ɗauki ma'aikata ba tare da duban ƙabila ko addini ba. Allah ya ba mu zaman lafiya.