Tarihin Shiwaji, Sarkin Marata na Ƙasar Indiya

In ana zancen sarakunan Indiya na dauri, waɗanda aka fi sani su ne na daular Mugul, Musulmin da suka mulki mafi yawan ƙasar daga biranen Agra da Delhi. A wannan karo za mu kawo labarin mutumin da ya hana wannan daula barci a zamanin Sarki Aurangzeb, wato Shiwaji, mutumin Marata, mai bin addinin Hindu.

An haife shi a shekara ta 1630 miladiyya cikin ganuwar Shiwneri, a duwatsun yammacin Indiya. Mahaifinsa Shahaji jarumi ne da ya yi wa sarakunan Musulmi na Ahmadnagar da Bijafur barantaka, har aka ba shi ƙasar Funa ya riƙe. A can yaron ya tashi a hannun mahaifiyarsa Jijabai, yana yawo da ƴaƴan manoma cikin kwazazzabai har ya san kowace hanya. Yana da shekara 16, a 1646, ya ƙwace ganuwar Torna daga hannun Bijafur. Daga nan sai ya dinga bin ganuwoyin kan duwatsu ɗaya bayan ɗaya, wata da takobi, wata da kuɗi, wata da dabara.

Da abin ya ishi Bijafur, sai a 1659 aka turo masa babban sarkin yaƙi, Afzal Khan, da runduna mai yawa. Shiwaji ya ƙi fita fili, ya janyo shi cikin daji a gindin ganuwar Faratabgad, aka shirya ganawa ta mutum biyu. Ya zo da sulke a ƙarƙashin riga, da wani makami na ƙarfe mai kamar farcen damisa ɓoye a hannu. Suna rungumar juna sai faɗa ya kaure, Afzal Khan ya mutu, mayaƙan Marata da ke laɓe suka afka wa rundunarsa. Marubutan Marata sun ce Afzal ne ya fara suka. Marubutan fadar Musulmi sun ce Shiwaji ne ya ci amana. Abin da dai yake a fili shi ne, wanda ya je taro da sulke da ƴan kwanto bai je da zuciya ɗaya ba.

Sai kuma Mugul. A 1663 ya shiga Funa da dare da ƴan mutane kaɗan, ya kutsa har ɗakin Shaista Khan, kawun Aurangzeb, wanda ya tsira da yankakkun yatsu. A 1664 ya washe Surat, birnin fatake, kuma tashar da alhazan Indiya ke shiga jirgin ruwa zuwa Makka, ya sake washe ta a 1670. Wannan ɓarna ce a kan dukiyar waɗanda ba su ɗauki makami ba, babu wani suna da za a sa mata.

A nan akwai abin lura, domin mutane da yawa suna ɗaukar wannan rikici yaƙin addini tsantsa. Sarkin yaƙin da Aurangzeb ya aiko ya durƙusar da Shiwaji a 1665, Jai Singh, shi kansa Hindu ne. Shi ya tilasta masa sulhun Furandar, inda ya miƙa ganuwa 23 ya saura da 12. A wancan gefen kuma, akwai Musulmi cikin sojan Shiwaji, har da Daulat Khan, ɗaya daga shugabannin jiragensa na ruwa. Khafi Khan, marubucin tarihin Mugul wanda ba ya ƙaunarsa ko kaɗan, ya shaida cewa ya hana mayaƙansa taɓa masallaci ko Alƙur'ani ko mata, kuma in Littafin ya faɗo hannunsa yakan ba wa wani Musulmi daga mabiyansa. Shaidar abokin gaba tana da nauyi.

A 1666 ya tafi fadar Agra. Aka tsayar da shi a sahun hakiman da yake ganin sun gaza shi, ya fusata a gaban sarki, aka tsare shi a masaukinsa. Bayan wata uku ya sulale shi da ɗansa, a cewar masu ruwaya cikin kwandunan alewar da yake aikawa sadaka. Daga 1670 ya maido da yawancin ganuwoyinsa. Ranar 6 ga Yuni 1674 aka naɗa shi sarki a Raigad da laƙabin Chatrapati, mai laima, bayan wasu malaman Hindu sun yi gardamar cewa asalinsa bai kai na sarauta ba, har sai da aka ɗauko wani malami daga Banaras.

A ganina, ƙarfinsa na gaskiya yana cikin tsarin mulki. Ya kafa majalisar wazirai 8, ya sa aka auna gonaki aka yanka haraji bisa amfanin ƙasa, ya rage ikon hakiman gado, ya fi son biyan soja albashi da a yanka musu ƙasa su ci. Amma maƙwabta su suka ɗauki nauyin: ya aza musu biyan kashi ɗaya cikin huɗu na harajinsu, wanda ake kira cawut, in ba haka ba dawakinsa su zo. Wuri ɗaya ya gagare shi har mutuwa, tsibirin Janjira, wanda ke hannun Siddi, Musulmi ƴan asalin Afirka.

Ya mutu da zazzaɓi a Raigad ranar 3 ga Afrilu 1680, yana da shekara 50. Aurangzeb ya sauko kudu da kansa a 1681 don ya tumɓuke abin da Shiwaji ya dasa, ya kama magajinsa Sambaji ya kashe a 1689. Duk da haka bai sake komawa Delhi ba. Ya shekara 26 yana kewaye ganuwoyi, ya ci wannan a ƙwace waccan, har ajali ya same shi a Ahmadnagar a 1707, dawakin Marata na kai hari a kewayen sansaninsa.