Muhammadu Al-Katsinawi, Bakatsinen Da Ya Koyar Da Hisabi A Alƙahira

Duk wanda ya taso a Rawayau, Kurfi ko Dutsin-Ma, da wuya a ce bai taɓa ganin hatimi a jikin allo ko takardar malam ba: gidaje tara, uku a tsaye uku a kwance, kowane gida da harafinsa. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, akwai Bakatsinen da ya rubuta littafi sukutum a kan lissafin waɗannan gidaje, kusan shekara ɗari uku da suka wuce. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace, wanda littattafan Larabci ke kira Al-Kashnawi.

Ya tashi a ƙasar Katsina lokacin da take cike da malamai da fatake, bayan zamanin su Ɗan Marina da Ɗan Masani. Ya yi karatu wajen manyan malamai, ciki har da Muhammadu Alwali na Bagarmi. Amma wanda ya buɗe masa ƙofar hisabi da ilmin haruffa shi ne Shehu Muhammadu Bindu, wanda ya zauna a gabansa shekaru yana ɗaukar karatu.

Wajen 1730 ya tafi aikin Hajji, ya ɗan zauna a Makka, daga nan ya wuce Alƙahira ta Masar. A 1732 ya kammala Bahjatul Afaƙ, littafinsa kan ilmin haruffa da aufaƙ, wato hatimai na lambobi. Yana kuma da Durrul Manzum, da wasu rubuce-rubuce kan nahawu da manɗiƙi. A Alƙahira ya sauka gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, masanin taurari da lissafi, kuma mai masaukin nasa bai ji nauyin ɗaukar karatun aufaƙ a wajen baƙonsa ba. A gidan ya rasu a 1741. Al-Jabarti ya bar wa wasiyyar littattafansa, shi ne kuma ya binne shi. Daga baya ɗan mai gidan, Abdurrahman Al-Jabarti, shahararren marubucin tarihin Masar, ya sa tarihin malamin cikin littafinsa.

To, mene ne lissafin da ke cikin hatimi? Ɗauki mai gida tara. Layin farko 4, 9, 2. Na biyu 3, 5, 7. Na uku 8, 1, 6. Tara kowane layi, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka samu. Dalili kuwa, jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, ka raba wa layi uku, kowanne ya tashi da 15. Lambobin kusurwa, 2, 4, 6 da 8, su ne haruffan ba, dal, wau da ha a ƙidayar abajada, shi ya sa ake ce masa buduhu.

Al-Katsinawi ya bayyana hanyoyin gina irin wannan hatimi mai layi mara, wato 3, 5, 7 har gaba. Akwai gidan da za ka fara ajiye 1, akwai takun da za ka yi zuwa na gaba, wani takun ma irin na doki a wasan shaɗaranji, sannan akwai abin da za ka yi in ka tarar gida a cike. Ka gabatar da taku ɗaya a kan ɗan'uwansa, hatimin ya rushe, layuka su ƙi daidaita.

Nan ne labarinsa ya haɗu da BODMAS ɗin da ke ba mu ciwon kai a aji. Malamin bai yi rubutu da alamomin aljabara na yanzu ba, wannan taƙaitaccen sunan ma daga baya ya zo. Amma in muka rubuta jimlar kowane layi da alamominmu, ga yadda take: n(n² + 1) ÷ 2, inda n ke nufin yawan layuka. Sa 5 a madadin n. Fara da cikin baka: 5 sau 5 ya ba da 25, ƙara 1 ya zama 26. Sannan ninkawa: 5 sau 26, 130 ke nan. Raba biyu, 65. Kowane layi na hatimi mai gida 25 dole ya ba da 65.

Yanzu duba abin da gaggawa ke jawowa. Ɗalibi ya danna wa kalkuleta 5 × 5² + 1 ÷ 2, ya manta da baka. Kalkuletan kimiyya zai ninka ya samu 125, ya raba 1 da 2 ya samu rabi, ya haɗa ya ba shi 125.5. Lambobin duk ɗaya ne, jerin aikin ne ya canja, maki kuma ya tafi. A jarabawa kariyoba ce kawai. A wajen aiki kuwa, ƙiyasin siminti ne ko albashin ma'aikata zai fita ba daidai ba.

Gaskiya ne ya yi rubutunsa cikin ilmin asirai, wanda malamai suka daɗe suna saɓani a kansa. Wannan muhawara tasu ce. Lissafin kuwa kowa na iya gwada shi da biro da takarda. Shi ya sa masana na zamani suka waiwaye shi: Hassan Gwarzo ya yi nazarin aikinsa a 1967, Claudia Zaslavsky ta Amurka kuma ta kawo hatimansa a littafinta Africa Counts na 1973.

Saboda haka in wani ya ce maka lissafi ba gadonmu ba ne, ka ba shi labarin malamin nan. Sannan ka ɗauko takarda ka sa 7 a madadin n. In ka bi jerin daidai, 175 za ka samu.