Brigham Young: kafintan da ya kafa birni, ya kuma auri mata 55

A filinmu na tarihi, yau za mu leƙa Amurka mu ji labarin Brigham Young, shugaba na biyu na cocin Mormon.

An haife shi ran 1 ga watan Yuni 1801 a jahar Vermont, gidan talakawa. Karatun da ya yi bai taka kara ya karya ba, da kafinta da fenti ya ci abinci. A 1832 ya shiga sabon cocin da Joseph Smith ya kafa, kuma a shekarar ne matarsa ta fari, Miriam, ta rasu ta bar mishi ɗiya mata biyu. Bayan shekara biyu ya auri Mary Ann Angell.

To, a garin Nauvoo na jahar Illinois ne Smith ya fara faɗa wa na kusa da shi, a asirce, wai an yi mishi wahayi maza su tara mata, ba tare da ƙayyade adadi ba. Mu nan zama da kishiya ba labari ba ne, amma can laifi ne a gaban doka. Young da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ran da ya fara jin zancen, sai da ya ji gara mishi kabari. Duk da haka ya bi, ya yi wa Mary Ann kishiya a 1842.

A watan Yuni 1844 wasu gungun mutane suka kashe Smith cikin gidan kaso. Young ya karɓi ragama. Da zama ya gagara, sai ya kwashi mabiyansa a 1846, da amalanken shanu, suka nufi yamma. Bayan tafiyar fiye da kilomita 2,000 suka isa kwarin wani tafkin gishiri ran 24 ga Yuli 1847. Nan suka ja ruwa daga duwatsu suka yi noman rani, suka kafa birnin Salt Lake. Gwamnatin Amurka ta naɗa shi gwamnan yankin Yuta, kuma a 1852 cocin ya fito fili ya shelanta auren mata da yawa.

Masana tarihi sun ƙirga mishi mata 55. Wasu zawarawan Smith ne, wasu dattijai ne da ya ɗauki nauyinsu, wasu kuwa ƴan mata ne ƙanana. Mata 16 ne suka haifa mishi ɗiya fiye da 50. Ya gina dogon gida mai ɗakuna da yawa inda wasunsu suka zauna, ana cin abinci tare, ana addu'a tare.

Amma ga inda gizo ke saƙar: doka mace ɗaya ta sani. A 1873 wata daga cikinsu, Ann Eliza, ta kai shi kotu tana neman saki da kuɗin ciyarwa. Kun san hujjar da ya kawo? Cewa ya yi a gaban doka ai ita ba matarsa ba ce. Ya ƙi biyan abin da alƙali ya yanke, har ya kwana ɗaya a kaso a 1875. Ita kuwa ta bi gari gari tana ba da labarin zaman gidan.

Young ya rasu ran 29 ga Agusta 1877, yana da shekara 76, bai sauya ra'ayi ba. Bayansa gwamnati ta ɗaure maza da dama, ta ƙwace dukiyar cocin. A 1890 shugabansu Wilford Woodruff ya sanar da daina irin wannan aure, sannan a 1896 aka amince Yuta ta zama jaha. Yau duk ɗan cocin da ya ƙara mata, korarsa ake yi.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.